Watan da Aka Rufe Teku

Jaramijó, tsakiyar Agusta

Yaya Eleuterio,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da aikin. Da na buga maka waya, na san sai dai mu yi ta "me kika ce, me kika ce" har kati ya ƙare, tunda injin jirgi ya gama da kunnuwanka. Shi ya sa na ba direban motar Posorja wannan takarda, tare da yajin gyaɗar da ka ce in aiko.

Bayan haka, maigidana Wilfrido bai dawo ba. Ya fita farkon watan nan shi da amininsa compadre Ítalo, a kwale-kwalen nan nasa mai shuɗin baki, da ƙanƙarar 'yan kwanaki. Waɗanda suka fita tare da su sun dawo, sun sayar da kifinsu, sun sake fita. A satin ne 'yan fashi suka tare 'ya'yan Don Plutarco a wannan ruwan, suka kwance musu inji, suka karɓe rediyo da wayoyi, suka bar su suna yawo. Su an ci sa'a wani ya janyo su. Kowa a bakin ruwa ya ce abin da ya sami namu ke nan, sai dai ba mai faɗa sai na juya baya.

Masu sintiri sun fita nema, sun yi iya yinsu, sun dawo. Jami'in da ya zo gaya min ya cire hula ya yi ta murza ta a hannu, har na ji tausayinsa na ba shi kujera.

Kada ka tambaye ni yadda nake, don ban sani ba. Gida cike yake da mata, kowace ta zuba min ido tana jiran in faɗi in yi birgima. Ni ma jira nake, abin ya ƙi zuwa. Ina dafa musu kofi, in wanke kofuna, in sake dafawa. Ina cin abinci kuma. Doña Digna, uwarsa, ta ga ina suɗe cokali ta ce, "Oh ni, Dioselina, ashe dai abinci na wucewa." Na ce, "Yana wucewa, Doña." Tun ranar ba ta sake zama kusa da ni ba.

Ban daina zuwa rumfar aikinmu ba. An rufe wa manyan jiragenku teku don kifi ya huta, amma mu yanzu ne aiki ya yi mana yawa, kowane jirgi yana so ya tarar da plantado, rumfar nan da ake sakawa a ruwa don tara kifi, a jibge ranar da za a buɗe. Muna ɗaure gora da itacen balsa, mu kitsa masa doguwar jela da igiyar abaka, hannu ya yi ta yi ba sai da kai ba. Ranar da zai fita ma sai da ya tsokane ni a kan aikin. Ya ce, "Kin san dai ke kike tura ni nesa ko? Ki saƙa wa masu kuɗi rumfar ruwa, kifin tuna ya taru a inuwa, su zo da taru su kwashe har jariran da ba su san mace ba. Ni kuma in yi ta bin teku da 'yan ƙugiyoyina kamar mai neman bashi." Na ce, "Nawa dai ruɓewa yake yi, ba ya shaƙe kunkuru kamar na roba. Kuma da shi ka ci kazar Lahadi." Ya ce, "To a ajiye min cinya." Iyakar sallamarmu ke nan, ban ma raka shi bakin ruwa ba.

Kai ka san ruwan can fiye da duk masu zuwa yi min jaje. Ka gaya min gaskiya, kada ka lallashe ni: mutum biyu ba inji, ina ruwa ke kai su, kuma yaya suke ƙarewa?

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka,
Dioselina

*

Posorja, ƙarshen Agusta

Diose ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina gaida Doña Digna da duk mutanen gida. Yaji ya iso, ko da yake da alama direban ya duba ko da guba a ciki, ya duba sosai.

Na karanta takardarki a tsaye, na sake karantawa a zaune. Da na zo, amma jirginmu yana kan tudu an buɗe masa ciki, injin a warwatse, in na ɗaga ƙafa ba mai mayar da shi.

Kin ce gaskiya, to ga ta. Ruwa yamma yake kai su, ya wuce da su tsibiran Galápagos, ya yi ta tafiya. Amma ki saurare ni da kyau. Wannan hanyar cike take da plantado, dubbai, naku da na wasu. Kuma duk abin da ke yawo a kan ruwa, kifi na taruwa a ƙarƙashinsa, ko gungume ne ko tsohuwar ƙofa. Wanda ya sami plantado ya ɗaura kwale-kwalensa ya sami kasuwa, sai dai ya jefa ƙugiya ya zaɓa. Ruwan sha kuwa sama na bayarwa a can.

Sannan kowane plantado yana jan boya, wannan ƙwaryar roba da ke magana da tauraron ɗan'adam. Ita ke gaya wa mai jirgi inda take da yawan kifin da ke ƙasanta. In ta ce kifi ya taru, kyaftin ko barci yake zai tashi ya juya jirgi. Mu kanmu mun taɓa zuwa kwasar kifi muka tarar da mutum uku 'yan Esmeraldas a ɗaure, sun yi baƙi kamar gawayi, amma da ƙafafunsu suka hau tsani. Na farkonsu ko godiya bai yi ba ya ce, "Akwai sigari?" Wilfrido ya san wannan tun kafin ki san shi.

Za ki ce wane jirgi, ga mu duk a tudu. Ba duka ba. Rabin jirage ne ke hutu yanzu, ɗaya rabin sai ƙarshen shekara, suna can suna aiki. Na aika wa duk mai injin da na sani a cikinsu ya sa ido.

Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana cin shinkafarki ba gishiri bai mutu ba, ba tekun wata ɗaya zai kashe shi ba. Ki ci abincinki, ki ƙyale tsohuwa ta yi magana, ɗanta ne.

Allah ya tsare ki.
Yayanki,
Eleuterio

*

Jaramijó, Satumba

Yaya,

Ina gaishe ka. Muna nan yadda ka sani, ba labari.

Bélgica da muke kitsa igiya tare, mijinta yana gadi a ofishin wasu jirage. Na karanta mata takardarka a rumfa, wurin maganar boya. Tana ta jan igiya, can ta ce, "Diose, yayanki bai gaya miki ana sa su barci ba?" Na ce su wa. Ta ce boyoyin jiragen da ke hutu. Wai ranar da aka ɗaure jirgi sai a kashe su daga ofis, sai an buɗe teku a tashe su. Wata ta ce, "Ke Bélgica, bakinki ba ya da birki ne?" Ta ce, "To ƙarya zan yi mata?" Na ce su bar faɗa, ga aiki.

Ba fushi nake ba, Yaya. Na so in yi fushin ma, na neme shi ban samu ba. Ka dai ce min eh ko a'a.

Doña Digna tana so a yi masa zaman makoki da kayansa, kamar yadda aka yi wa mijinta da ruwa ya ci. A shimfiɗa rigarsa da wandonsa a tebur, a kunna kyandir, a yi addu'a, a sa a ƙaramin akwati a kai maƙabarta. Ta ce rai ba ya samun hanya in ba a yi ba. Ta zo da kanta ta ce, "Ba ni farar rigarsa ta zuwa coci." Na ce ba a goge ba. Ta ce, "Ni zan goge." Na ce, "A bari a buɗe teku, Doña." Ta ce, "Ke ba ki haife shi ba, shi ya sa." Na ce haka ne. Da ta tafi na ɗauko rigar na goge, na mayar da ita inda take. Ban san me ya sa na goge ba.

Matar Ítalo ita ta yarda an yi nasu. Na je, na riƙe kyandir, na ci biskit. Takalmansa ne kawai suka ɗan dame ni, an jera su a ƙarƙashin tebur, ɗaya ya fi ɗaya cinyewa.

A rumfa injiniyar nan mai kula da aikinmu ta zo da hotuna. Ta nuna mana kunkuru da tsohuwar ragar roba ta yanke wa hannu, sannan ta nuna namu da aka ciro daga ruwa, jelar ta zama kamar dafaffen rogo. Ta ce a duk gaɓar nan ba mai aiki irin namu, ba ya barin komai a teku, har daga ƙasashen waje ana tambaya. Aka yi tafi, ni ma na yi. Kyaftin-kyaftin kuwa kuka suke wai yana saurin ruɓewa. Na ɗaga hannu na ce, "Wata nawa yake yi?" Ta ce ya danganta da ruwa da rana, wani ya daɗe, wani bai kai ba. Ta tambaye ni me ya sa, na ce ba komai. Bélgica ta taka min ƙafa.

Ina barci sosai, har makara nake yi. Ka gaida abokan aikinka.

Dioselina

*

Posorja, Satumba

Diose,

Gaisuwa. Eh, haka ne. Doka ta yarda a kashe su lokacin hutu, tauraro kuma ba kyauta yake magana ba, saboda haka yawancin ofisoshi suna kashewa. Boyar tana nan a ruwa, 'yar fitilarta ma tana ƙyaftawa, amma a tudu ba mai jin ta. Wanda ke kusa da ita ba yadda zai gane mai barci da mai ido biyu.

Ban rubuta miki ba don na ga rabi da rabi ne, na ce in ba ki rabin da ya fi. Har yanzu rabin nan yana nan, ba wanda ya ɗauke shi.

Kada ki ba da rigar. In tsohuwa ta matsa, ki ce ni na hana, ta zo ta yi min ihu, ba abin da zan ji.

Yayanki,
Eleuterio

*

Jaramijó, farkon Oktoba

Yaya Eleuterio,

Ina gaishe ka. Ka zauna kafin ka karanta, doguwa ce.

An tsinci Ítalo. Wani jirgin masu ƙugiya da ke dawowa daga bayan tsibirai ya ga kwale-kwalen, ya ɗauko shi. Shi kaɗai ne a ciki. Matarsa da ta binne masa takalma ta suma a tashar jirage, aka yi ta dariya ana kuka. Sun kwantar da shi asibiti a Manta, jiya da rana ya aiko a kira ni.

Ban gane shi ba sai da ya yi magana. Ya ce, "Comadre, ki zage ni tukuna, sannan in fara." Na ce, "Compadre, ban zo da zagi ba, fara kawai." Ga abin da ya ce, yadda na riƙe.

'Yan fashi ne, kamar yadda aka zata. Sun bar musu jarkokin mai ba komai a ciki, da leda, da ƙugiyoyi. Suka yi ta tafiya da ruwa har suka daina lissafi. Wata safiya Wilfrido ya ga tsuntsaye, suka yi tuƙi da murfin akwatin ƙanƙara har suka kamo plantado, suka ɗaura kwale-kwalen a jikin gorar.

Ya ce, "Comadre, wurin nan kifi har gogar gindin kwale-kwale yake. Muka ci, muka shanya, muka tari ruwan sama. Mijinki har waƙa yake. Ya shafa jelar ya ce, 'Ítalo, wannan kitson matata ne, dubi yadda ya matse, haka take matse ni a kan kuɗin giya.'" Na ce mu da yawa ne a rumfar, kuma ba mu kaɗai ke yi ba. Ya ce, "Na gaya masa. Ya ce in rufe baki, ni na aure ki ko shi?"

Na tambaye shi me ya hana su ɗauko boyar su sa a cikin kwale-kwale. Ya ce shi ma ya so. Wilfrido ya hana, ya ce, "Kai wawa ne? In ka cire ta daga ruwa za ta ce ba kifi, su ce an sace ta, su kashe ta. Jirgi ba don ni da kai zai zo ba, don kifi zai zo. Bar ta ta yi ta kai musu tsegumi." Ko taɓa ta bai yarda a yi ba, kada a ga motsi a zaci ɓarayi ne. Suka bar ta a ƙarshen igiyarta, tana ƙyafta musu ido. Kullum sai Wilfrido ya gaishe ta, ya ce, "Señora, yau me kika gaya wa maigida?"

Ka san rabin nan da kake faɗa, na boyoyin da ke ido biyu. Ba shi suka samu ba.

Sai jelar ta fara zubewa. Kullum su ga wani yanki ya tafi. Ɗaurin gorar ya saki, suka yi ta ƙara masa da igiyar ƙugiya. Ítalo ya ce, "Da yamma muka ce gobe za mu ɗaura boyar a jikin kwale-kwale, ko ta yi fushi ko kada ta yi. Goben ce ba ta jira mu ba." Gari ya waye da iska, plantadon ya watse, gora nan balsa can. Boyar tana gefe guda, iska kuma tana tura kwale-kwalen gaba.

Wilfrido ya ɗaura jarka biyu a ƙirji, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya ba Ítalo bakinta, ya faɗa ruwa. Igiyar ta ƙare saura kaɗan ya kai. Ítalo ya ce, "Na ce masa dawo, compadre, ƙyale shegiyar! Ya juyo ya ce, 'In ta tafi ba mai nemanmu!' Sai na ji igiyar ta yi sako-sako a hannuna. Kwancewa ya yi, comadre. Ya ɗauka zai kamo ta ya dawo."

Ya kamo ta. Ítalo ya gan shi ya rungume ta, ya ɗaura ta a jikin jarkokin, ya ɗaga hannu. Amma iska ta fi mutum sauri. Ítalo ya yi tuƙi da murfin akwati har fatar hannunsa ta saɓule, kwale-kwalen bai ko juya ba. Ya ce ya daɗe yana ganin jarkokin, jajaye ne, suna hawa suna sauka. Ya ce abin ya kai sati biyu kafin a tsince shi, ko fiye, bai sani ba.

Da ya gama sai ya kama kuka, ma'aikaciyar jinya ta zo ta ce in fita ina tayar masa da hankali. Na gyara masa bargo. Na tambaye shi ko akwai rubutu a jikin boyar. Ya ce lamba ce mai tsawo bai riƙe ba, amma an rubuta LIDUVINA da farin fenti, kullum yana kallo.

Na fito na sayi lemo a bakin asibiti na sha, na hau mota. Yau da safe na je rumfa. Na kitsa jela ɗaya da rabi, ta yi kyau kuwa. Ina kallon hannuwana suna yi kamar na wata.

Ban gaya wa Doña Digna duka ba, na ce mata dai an rabu a ruwa. Liduvina sunan jirgi ne, ka nemi masu shi. Na san lissafin, Yaya, ba sai ka yi min ba. Ina so dai a je.

Ƙanwarka,
Dioselina

*

Posorja, Oktoba

Diose,

Gaisuwa a gaggauce, direba na jira.

Santa Liduvina a nan take ɗaure, ina ganinta daga inda nake aiki. Na tafi ofishinsu da takardarki a hannu, da baƙin mai a jikina. Ban iya bayani ba, na miƙa wa mutumin ya karanta. Ya kai wurin jarkoki ya tashi tsaye. Ba wanda ya yi min gardama, Diose, ko mutum ɗaya. A take suka tashi boyoyinsu gaba ɗaya, allo ya cika da ɗigo-ɗigo.

Duk suna tafiya tare, garke guda, sai guda ɗaya da ta ware ta yi arewa ita kaɗai. Kyaftin ya ce wadda ta rabu da jelarta haka take yi. Ya sa yatsa a kanta ya daɗe bai ɗauke ba. Tana da nisa ƙwarai, jirgin sama ba ya kaiwa ya dawo, jiragen da ke aiki kuma duk suna kudu.

Hukuma ta ba su izini su tashi kafin a buɗe teku, da sharaɗin taru ba zai taɓa ruwa ba sai ranar ta cika. Kafin mu isa ma ta cika. Na ce mu, don mai injinsu na biyu ya ba ni gadonsa, ya ce dama matarsa na gab da haihuwa. Injin jirginmu kuwa su haɗa abinsu.

Akwai wanda ya yi fiye da haka a ruwa ya rayu, na taɓa ji. Ruwan sama na sauka a can, kuma mijinki taurin kai gare shi kamar jaki. Ba zan ce miki komai ba bayan wannan.

Daga teku ba mota, saƙo zai zo ta ofis, za su kawo miki a takarda.

Yayanki,
Eleuterio

*

Daga jirgin Santa Liduvina, a teku

Zuwa ga Señora Dioselina Bailón,

Ina gaishe ki da girmamawa, tare da fatan wannan saƙo ya same ki cikin ƙoshin lafiya. Sunana Maryuri Piloso. Ni ce mai sa ido ta hukumar kifi a wannan tafiya, aikina in ga abin da aka kama da yadda aka kama shi. Don Eleuterio ya roƙe ni in rubuta miki, domin ya zauna gaban na'urar sau biyu ya tashi bai rubuta komai ba.

Muna sa ran isa wurin boyar gobe kafin rana ta yi tsaka. Tana aiki, tana ba da wurinta daidai. Ba ta da hanyar gaya mana abin da ke samanta, abin da ke ƙasanta kawai take gani. Ya ce in gaya miki wannan ba tare da na rage komai ba: tun shekaranjiya take nuna kifi, kuma yana ƙaruwa. Kyaftin ya ce boya ita kaɗai ba ta cika tara kifi haka ba, sai in akwai abin da ke ɗaure da ita har yanzu. Yana iya zama jarkokin ne kawai. Ban san abin da ya wuce haka ba, kuma ba zan ƙaga miki ba.

An buɗe teku jiya. A doka ba abin da ya hana a jefa taru a wurin bayan an ɗauko abin da aka je ɗaukowa. Mutanen jirgin nan sun daɗe a tudu ba kamu, kuma da abin da aka kama ake biyansu. Duk sun ga allon. Ba wanda ya ce a jefa, ba wanda ya ce kada a jefa, a wurin cin abinci ma cokali kawai ake ji. Ɗazu mai dafa abinci ya ce, "Mutumin nan ko a haka sai da ya fi mu iya kamun kifi," ya ga ba wanda ya yi dariya, ya koma kicin.

Kyaftin ya ce shi ba zai yanke wannan ba, kuma ba zai sa yayanki ya yanke ba. Ya ce a tambaye ki, abin da kika ce shi za a yi. In amsarki ta kai ofis kafin safiya, za ta same mu.

Don Eleuterio yana cin abinci kaɗan, yana kwana wurin inji. Ya ce in gaishe ki, in ce miki ya taho da bargo mai tsabta.

Ki gafarce ni in na yi kuskure a magana. Allah ya ba ki ƙarfi.

Taki cikin girmamawa,
Maryuri Piloso

*

Jaramijó

Señorita Maryuri,

Na gode, Allah ya saka. Ki karanta wa yayana da ƙarfi, kusa da kunnensa na hagu.

Yaya, ku kwance shi a hankali. Abin da kuka samu ku kawo min, komai ƙanƙantarsa, kada ka zaɓa min.

Kifin kuma ku bar shi. Ka ba mutanen haƙuri, na san suna da iyali. Amma duk abin da kuka kama gwangwani zai shiga, ni kuma kullum sai na shiga kanti. Ba zan iya tsayawa gaban kanta ina tunanin wanne ne ba.

Ku dawo lafiya.
Dioselina